Ƙudus a hannun Ingila: aikin da akawu da mai awon fili suka yi

Ka tambayi mai bin labaran duniya a majalisar unguwa yadda aka yi Yahudawa suka cika birnin Ƙudus, amsar da za ta fara fitowa ita ce Turawan Ingila ne suka kwaso su suka zube a can. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai alƙaluma ba su tsaya mata yadda ake faɗinta ba. A ƙidayar farko da Ingila ta yi a Falasɗinu a 1922, shekara biyar kacal da shigar sojojinta, an sami mutum 62,578 a Ƙudus. Yahudawa 33,971 ne, Kiristoci 14,699, Musulmi 13,413. Tun ba a je ko'ina ba ke nan Yahudawa sun haura rabin birnin, kuma ba ƙaurar shekara biyar ce ta jawo haka ba, domin tun ƙarshen ƙarni na 19, Turkawa na mulki, suka riga suka fi kowa yawa a cikin gari. A faɗin ƙasar kuwa, a wannan ƙidayar, kasonsu bai wuce 11 cikin ɗari ba.

Wajen 1945, Ingila na dab da naɗe tabarma, ƙiyasin gwamnati ya nuna Yahudawan birnin sun kai 97,000 cikin mutum 157,000. Yawansu ya kusan ninka uku, amma kason ya tashi ne daga 54 zuwa wajen 62 cikin ɗari, don Larabawan birnin ma sun ninka. Wanda ke neman sawun Ingila a yawan kawuna kaɗai ba zai ga ko rabin aikin ba. Abin da ta tarar al'umma ce ta masu ibada, da yawansu talakawa masu rayuwa da sadakar da 'yan'uwansu ke aikowa daga Turai, ba su da soja, ba su da majalisa, manyan malamansu ma suna ganin neman ƙasa kafin bayyanar Almasihu saɓo ne. Abin da ta bari bayan shekara talatin kuwa hedikwatar gwamnati ce wadda suna kawai take jira. Tsakanin waɗannan biyun akwai aiki mai yawa, kuma mafi yawansa akawu da alƙali da mai awon fili ne suka yi shi da alƙalami da tawada.

Hannun Ingila ya riga sojojinta isa da kusan shekara tamanin. A 1838 ta zama ƙasar Turai ta farko a ƙarni na 19 da ta kafa ofishin ƙaramin jakada a Ƙudus. Damuwarta a lokacin ita ce ba ta da mutanen da za ta ce nata ne a ƙasar. Faransa tana tinƙaho da kare 'yan Katolika, Rasha tana kare 'yan Otodoks, 'yan Furotesta kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sai ministan harkokin wajenta, Palmerston, ya umarci jakadan a 1839 ya riƙa ba Yahudawa kariya. A ƙarƙashin yarjejeniyoyin da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ƙulla da ƙasashen Turai, mai riƙe da takardar jakada ba alƙalin gari ne ke masa shari'a ba, kuma haraji da yawa ba ya hawa kansa. Da Turkawa suka fara taƙaita shigowar Yahudawan Rasha daga 1882, wannan ƙofa ta jakadu, na Ingila da na sauran ƙasashe, ita ta mai da dokar dangar kara. Mutum ya shigo da sunan ziyara, wa'adi ya cika, a zo fitar da shi, jakada ya ce nasa ne. Unguwar Yahudawa ta farko a bayan ganuwa ma, Mishkenot Sha'ananim, attajirin Bayahuden Ingila ne, Moses Montefiore, ya gina ta a 1860. Nahalat Shiva ta biyo a 1869, Mea Shearim a 1874. Birnin ya riga ya fara karkata yamma, hanyar Yafa, kafin wani sojan Ingila ya taka shi.

Ran 2 ga Nuwamba 1917 ministan harkokin wajen Ingila, Arthur Balfour, ya rubuta wasiƙarsa ga Lord Rothschild, wani jigon Yahudawan Ingila, ran 9 ga Disamba magajin gari Husaini Salim al-Husaini ya miƙa birnin, bayan kwana biyu Janar Allenby ya shiga da ƙafa ta Ƙofar Yafa, wadda Larabawa ke ce wa Babul Khalil. An yi kyautar abu tun bai zo hannu ba. Zuciyar wasiƙar jimla guda ce mai kalma 67 a Turanci, wadda ta yi alkawarin gida na ƙasa ga Yahudawa, ta kuma kira kashi 90 cikin ɗari na mazauna ƙasar da sunan al'ummomin da ba Yahudawa ba. An ce za a kare musu haƙƙin zaman yau da kullum da na addini. Haƙƙin siyasa ba a ambace shi ba, kuma duk rikicin shekara talatin da ya biyo baya yana kwance cikin wannan giɓi.

Dalilan Landan a cakuɗe suke. Akwai tsaron mashigin Suwes da hanyar Indiya, akwai son hana Faransa kusantar Masar, akwai zaton cewa Yahudawa na da ƙarfin juya gwamnatin Amurka da ta Rasha a yaƙin, zaton da shi kansa ɗan gidan ƙiyayyar Yahudawa ne, akwai kuma 'yan siyasar da suka tashi da karatun Baibul har sun fi sanin sunayen garuruwan Falasɗinu a kan na fagen daga. Shi Balfour ɗin nan shi ne firaminista a 1905 lokacin da aka kafa dokar rage shigowar baƙi Ingila, wadda Yahudawan gabashin Turai ta fi shafa. Bayahude tilo da ke majalisar ministoci a 1917 kuwa, Edwin Montagu, shi ya fi kowa yaƙar sanarwar, yana tsoron a wayi gari a ce wa Bayahuden Landan ya tattara ya koma ƙasarsu.

Wasiƙa dai wasiƙa ce, ana iya mantawa da ita kamar yadda aka manta da wadda Ingila ta rubuta wa Sharif Husaini na Makka tana yi wa Larabawa alkawarin 'yanci. Abin da ya ba ta haƙora shi ne cusa ta da aka yi cikin takardar amanar da tsohuwar majalisar ƙasashen duniya ta Jeniba ta amince da ita a Yulin 1922, irin amanar da aka ba Ingila a kan Kamaru ta Arewa. Sashe na 4 ya ce a amince da wata hukumar Yahudawa da za ta riƙa ba gwamnati shawara da haɗin kai. Sashe na 6 ya wajabta sauƙaƙa shigowar Yahudawa da zaunar da su a kan filaye. Sashe na 22 ya mai da Ibrananci harshen hukuma tare da Turanci da Larabci. Babban Kwamishina na farko, Herbert Samuel, wanda ya kama aiki ran 1 ga Yuli 1920, Bayahude ne mai goyon bayan sahayoniyanci, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, haka ma babban lauyan gwamnati, Norman Bentwich, wanda dokokin farko suka fito ta hannunsa.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin yadda ake ba da izinin shigowa shi ne injin gaba ɗaya. Farar takarda, wato takardar bayyana manufar gwamnati, da sakataren mulkin mallaka Winston Cocil ya fitar a 1922 ta ce za a riƙa auna shigowa da gwargwadon abin da tattalin arzikin ƙasar zai iya ɗauka. Sai aka kasa masu zuwa kashi-kashi. Mai jari, wanda ya nuna fam 500, daga baya aka ɗaga zuwa fam 1,000, ba a ƙayyade adadinsa ba. Ɗalibai da malaman addini da iyalan mazauna suna da tasu ƙofar. Ma'aikata kuwa duk wata shida hukumar Yahudawa za ta kawo ƙiyasin guraben aikin da ake da su, gwamnati ta zaftare abin da ta zaftare, ta miƙa wa hukumar takardun, ita kuma ta raba su ta ofisoshinta na Turai. Abu biyu suka fito daga wannan. Na farko, gwamnati ta riƙe adadi amma ta saki zaɓe, don haka ƙungiyar siyasa ce ke tantance wanda zai zo, kuma ta fi son matasa masu aƙidarta da suka sami horo. Na biyu, ma'aunin yana ciyar da kansa. Jarin da mai kuɗi ya shigo da shi yana buɗe guraben aiki, ƙungiyar ƙwadago ta Histadrut tana matsa lamba a ɗauki Bayahude kaɗai, guraben kuma su zama hujjar sababbin takardu. Ba a taɓa tambayar abin da ƙasar za ta iya ɗauka ta fuskar siyasa ba sai da jini ya zuba.

Adalci ne a ce Ingila ƙofa ta buɗe, Turai ce ta koro mutanen. Da Amurka ta rufe tata ƙofar a 1924, ga matsin tattalin arziki a Polan, sai wajen 34,000 suka shigo a 1925. Da kasuwa ta faɗi, a 1927 waɗanda suka fita sun fi waɗanda suka shigo. In da haka aka ci gaba, da ƙila yau wani labarin ake bayarwa. Hitila ne ya sauya lissafin: 30,000 a 1933, 42,000 a 1934, kusan 62,000 a 1935, lokacin Babban Kwamishina Arthur Wauchope mai sakin hannu. Yawancin waɗannan Tel Abib da Haifa suka nufa, har Tel Abib ta wuce Ƙudus yawan Yahudawa a farkon shekarun 1930. Matasan sahayoniya na farko ba su ma cika son Ƙudus ba, suna ganinta garin tsofaffi da kaburbura da bara. Abin da Ƙudus ta samu shi ne malaman jami'a, likitoci, lauyoyi, 'yan siyasa da ma'aikatan ofis. Dalili kuwa, Ingila ta mai da ita fadar gwamnati, kuma duk mai son kunnen Babban Kwamishina dole ya kafa ofis kusa da shi. Jami'ar Ibrananci, wadda aka aza harsashinta a 1918 yaƙi bai ma ƙare ba, Balfour da kansa ya zo buɗe ta a kan Dutsen Skopus ran 1 ga Afrilu 1925, Larabawan birnin suka rufe kantuna don nuna fushi.

Ba Yahudawa kaɗai birnin ya jawo ba. Armeniyawa da suka tsira daga kisan Turkiyya sun zo, mutanen Khalil sun cika tsohon gari, Larabawa masu albashin gwamnati da 'yan kasuwa sun gina gidajen dutse na ƙawa a Ƙatamon da Baƙ'a da Talbiyya. Har namu ma suna ciki. Alhazai daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal, cikinsu akwai Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda suka ƙara gaba bayan Hajji don ziyartar Masallacin Aƙsa, wasunsu ba su dawo ba. Hukumar waƙafi ta zaunar da su a wasu tsofaffin masaukai biyu na zamanin Mamluk a bakin Babul Majlis, wasu suka zama masu gadin masallacin, kuma jikokinsu suna nan har yau. Bambancin shi ne babu wani sashe na takardar amana da ya wajabta wa gwamnati ta sauƙaƙa wa waɗannan komai.

Maganar fili a Ƙudus ta bambanta da ta karkara, inda aka riƙa sayen gonaki daga attajiran Beirut ana tayar da manoma. A nan mai sayarwa mafi girma coci ne. Cocin Otodoks na Girka ya mallaki filaye masu faɗi a yammacin ganuwa, kuɗin shigarsa kuma daga Rasha da masu ziyararta yake fitowa. Juyin juya halin 1917 ya toshe wannan rijiya, bashi ya yi wa cocin katutu. Gwamnati ta sake buɗe ofishin rajistar filaye a 1920, ta naɗa Anton Bertram da Harry Luke su binciki al'amuran cocin, daga nan aka kafa kwamitin da ya karɓi ragamar kuɗinsa ya shiga sayar da filaye don biyan bashi. Wanda ke da tsabar kuɗi a hannu a lokacin shi ne kamfanin sayen filaye na 'yan sahayoniya ƙarƙashin Arthur Ruppin. A kan filin da ya saya aka gina unguwar Rehabiya, inda shugabannin hukumar Yahudawa da malaman jami'a suka tare, da cibiyar kasuwancin sabon gari wajen titin Ben Yehuda. Titin Sarki Joji da aka buɗe a 1924 ya ratsa wurin, a gefensa kuma aka gina hedikwatar hukumar Yahudawa. Ba a ƙwace filin nan ba, ciniki aka yi, kuma wani attajirin Balarabe Kirista, Constantine Salameh, shi ma ya sayi nasa kason ya yanka filayen Talbiyya. Amma Larabawa mabiya cocin, waɗanda suka daɗe suna rigima da limaman Girka kan dukiyar da suke ganin ta kakanninsu ce, ba su da ta cewa. Kuma akwai bambanci tsakanin mai sayen fili don ya sayar da riba da ƙungiyar da ke saye da taswira a hannu tana duban inda unguwa za ta haɗe da unguwa.

Taswirar ma Ingila ce ta shata gefenta. Gwamnan soja na birnin, Ronald Storrs, ya hana gini da komai sai dutsen Ƙudus, dokar da har yau take aiki, ya kuma gayyato William McLean, injiniyan Iskandariyya wanda ya taɓa aikin tsara Hartum, ya zana tsarin gari a 1918. Tsarin ya ɗauki tsohon gari a matsayin kayan tarihi da ba a taɓawa, ya kewaye shi da filin da aka hana gini, ya taƙaita gini a gabas wajen Dutsen Zaitun, ya tura ci gaba yamma da arewa da kudu. Wanda ya san yadda Bature ya bar birnin Kano cikin badala ya kai jirgin ƙasa da kantuna da Sabon Gari can waje zai gane tunanin, ko da yake dalilan ba ɗaya ba ne. Nufin masu tsarin kare kyan birnin ne, ban ga dalilin shakkar haka ba. Sakamakon dai shi ne gefen da ƙauyukan Musulmi suka fi kusa da ganuwa aka daskare shi, gefen da Yahudawa suka riga suka fara gini aka ba shi titi da kwalta. Unguwannin lambu da Richard Kauffmann ya zana, Talfiyot da Bet Hakerem da sauransu, suka fito a farkon shekarun 1920. Ruwan famfo daga Ra'asul Aini, mai nisan kusan kilomita sittin, ya iso a tsakiyar shekarun 1930, ya kawar da abin da ya fi hana birnin girma.

Sai iyakar hukumar birni, wadda ita ce mabuɗin alƙaluman da na fara da su. Layin ya miƙa hannu can yamma ya ɗauko unguwannin Yahudawa irin su Kiryat Moshe da Bet Hakerem da Bayit Wegan, amma ya bar Silwan da Ɗur a waje, ƙauyukan da ana hango su daga kan ganuwa, haka ma Lifta da Maliha da Ainu Karim. Ana iya cewa ƙauye ƙauye ne, yana da dagacinsa da nasa tsarin haraji. To amma a ga abin da layi ke yi wa lissafi: a 1947 Yahudawa kusan 100,000 ne a cikin iyakar birni, Larabawa wajen 65,000. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zana nata da'irar ta haɗa da ƙauyukan kewaye da Baitalami, sai aka sami Yahudawa 100,000, Larabawa da sauransu 105,000. Rinjaye ya danganta da inda mai awo ya kafa turke.

Da rinjayen nan Ingila ta yi abin da ta saba, ta ba kowa rabin abin da yake so. Ta bar kujerar magajin gari a hannun Musulmi bisa al'ada, ta riƙa ƙara wa Yahudawa kujerun majalisa, daga huɗu cikin goma sha biyu a 1927 zuwa shida a 1934. Da magajin gari Mustafa al-Khalidi ya rasu a 1944, mataimakinsa Bayahude, Daniel Auster, ya hau riƙo, Larabawa suka ƙi, Yahudawa suka ce su ne masu rinjaye kuma su ke biyan mafi yawan haraji. A 1945 gwamnati ta rushe majalisar ta naɗa Turawa zalla.

Abin da ya fi nauyi a ganina shi ne yadda Ingila ta zaɓi wanda zai yi magana da yawun kowane ɓangare, sana'ar da mu ma mun san ta. A ɓangaren Yahudawa ta ba 'yan sahayoniya sanda, ta amince da majalisarsu zaɓaɓɓiya mai ikon karɓar haraji daga jama'arta, mai makarantunta da asibitocinta. Tsofaffin malaman Ƙudus irin su Yosef Haim Sonnenfeld, waɗanda ba su yarda 'yan boko marasa ibada su wakilce su ba, aka mai da su gefe. Mai magana da yawunsu a wajen duniya, Jacob de Haan, 'yan Hagana, ƙungiyar mayaƙan sahayoniya, suka harbe shi a titin Yafa a 1924. A ɓangaren Larabawa kuwa, bayan tarzomar bikin Annabi Musa ta Afrilun 1920, Storrs ya tuɓe magajin gari Musa Kazim al-Husaini ya naɗa Ragib an-Nashashibi daga gidan da ke hamayya da su. Samuel ya yafe wa Alhaji Amin al-Husaini hukuncin ɗaurin shekara goma da aka yanke masa kan tarzomar, shekara ta zagayo ya naɗa shi mufti ko da yake na huɗu ya zo a zaɓen malamai, sannan aka ɗora shi kan Majalisar Ƙoli ta Musulunci mai kula da waƙafi da kotunan shari'a. Gida ɗaya ya sami rawani, ɗayan ya sami ofis, suka shekara ashirin suna cin dunduniyar juna. Yahudawa sun sami hukuma ta al'umma, Larabawa sun sami hukuma ta addini wadda ko Kiristocinsu ba ta ƙunsa ba.

An yi musu tayin majalisar dokoki a 1922, amma wadda jami'an gwamnati da wakilan Yahudawa za su fi zaɓaɓɓun Larabawa yawa, kuma ba ta da ikon taɓa tushen amanar. Gaba kura baya sayaki: su shiga, sun amince da Balfour, su ƙi, sun zauna ba majalisa. Suka ƙaurace wa zaɓen 1923. Da aka sake kawo maganar a 1935 suna shirin karɓa, sai majalisar Landan ta kashe ta. Kukansu zuwa Jeniba ma sai ya bi ta hannun gwamnatin da suke ƙara, kwamitin da ke dubawa kuma aikinsa ya tabbatar ana bin takardar amana, ba ya tambayi adalcinta ba. Baturen da ya zauna a kujerar Ingila a wannan kwamiti har 1936 ba baƙo ba ne a wurinmu, Gwamna Lugga ne.

Raba unguwanni da ake gani a Ƙudus jini ne ya ƙarasa shi. Rikicin Bangon Buraƙa, wanda ya faro daga shamakin da Yahudawa suka kafa a wurin ibadarsu a 1928 'yan sanda suka cire, ya fashe a Agustan 1929. Aka kashe Yahudawa 133, yawancinsu a hannun Larabawa, 67 daga ciki a Khalil, aka kashe Larabawa 116, yawancinsu da harsashin 'yan sanda da soja. Abin baƙin ciki, waɗanda suka fi shan wuya tsofaffin mazauna ne masu jin Larabci, ba sababbin zuwa ba. Iyalan Yahudawa da suka daɗe suna haya a unguwar Musulmi suka fara kwashe kaya zuwa yamma. Landan ta aiko masu bincike, ta fitar da farar takarda a 1930 mai rage shigowa, shugaban 'yan sahayoniya, Weizmann, ya tayar da ƙura, firaminista MacDonald ya warware ta da wasiƙa a Fabrairun 1931. Larabawa suka sa mata suna baƙar wasiƙa. Tufka da warwara ke nan, kuma darasin da kowane ɓangare ya ɗauka shi ne Landan matsi take ji.

Boren 1936 zuwa 1939 ya fara da yajin aikin wata shida. Ingila ta murƙushe shi da rusa gidaje da tarar gari da rataya, Larabawa wajen dubu biyar suka mutu. A 1937 aka kai magajin garin Ƙudus, Husaini Fakhri al-Khalidi, tsibirin Seshel, mufti ya tsere, a Oktoban 1938 sai da soja suka sake ƙwace tsohon gari daga hannun 'yan bore. A daidai lokacin gwamnati ta ɗauki dubban Yahudawa aikin 'yan sandan taimako ta ba su bindiga, Kyaftin Orde Wingate yana koya wa wasunsu farmakin dare. Duk wanda ke son fahimtar yaƙin 1948 ya fara daga nan. Ɓangare ɗaya ya fito ba shugabanni ba makamai, ɗayan ya fito da horarrun mayaƙa.

Sannan Ingila ta juya baya. Yaƙi da Jamus na tafe, tana buƙatar Larabawa da man fetur ɗinsu, sai farar takardar Mayun 1939 ta ƙayyade 75,000 cikin shekara biyar, bayan nan sai da yardar Larabawa. Dokar 1940 ta hana ko ta taƙaita sayar wa Yahudawa fili a mafi yawan ƙasar, amma ta bar cikin birane a buɗe, don haka Ƙudus ba ta ji ta sosai ba. An ja ƙofar ne a daidai lokacin da Turai ta zama mahauta. Jirgin ruwan Struma ya nutse a Bahar Aswad a 1942 da mutum sama da 760 bayan an hana su izini, bayan yaƙi kuma aka tsare sama da 50,000 a sansanonin tsibirin Kubrus. Ga Balarabe ihu ne bayan hari, ga Bayahude cin amana ne a ranar da ya fi buƙata, kuma kowannensu yana da hujja. Ran 22 ga Yuli 1946 ƙungiyar mayaƙan Yahudawa ta Irgun, ƙarƙashin Menachem Begin, ta tarwatsa ɓangaren otal ɗin Sarki Dauda inda sakatariyar gwamnati take, mutum 91 suka mutu, 41 daga cikinsu Larabawa ne. Turawa suka koma zama bayan waya mai ƙaya a tsakiyar birnin da suke mulki.

A 1947 Landan ta jefa wa Majalisar Ɗinkin Duniya maganar, ta ƙi kaɗa ƙuri'a kan rabon ƙasa, ta kuma ƙi taimakawa a aiwatar. Tana nan da sunan hukuma aka yi kisan Larabawan ƙauyen Dair Yasin ran 9 ga Afrilu 1948, 'yan kilomitoci daga ofisoshinta, tana nan aka kashe Yahudawa 78 a ayarin motocin asibitin Hadasa bayan kwana huɗu. Dubun-dubatar Larabawa suka bar Ƙatamon da Baƙ'a da Talbiyya da ƙauyukan yamma, ba a bar su sun dawo ba. Babban Kwamishina na ƙarshe, Alan Cunningham, ya bar birnin ran 14 ga Mayu. Rundunar Jodan da ta shigo ta riƙe gabashin Ƙudus, ta kuma fitar da Yahudawan tsohon gari da suka rage ƙasa da dubu biyu ran 28 ga Mayu, Baturen Ingila ne kwamandanta, Glubb Pasha, kuma Landan ce ke biyan kuɗinta.

Kayan aikin da aka bari ba su yi tsatsa ba. A 1967 Isra'ila ta sake jan layin birni, ta haɗiye wajen murabba'in kilomita 70, ta ɗauko filaye ta bar garuruwa masu jama'a irin su Abu Dis da Azariyya a waje. Dokokin ta-ɓaci da Ingila ta rubuta a 1945, waɗanda lauyoyin Yahudawa suka la'anta a lokacin don a kansu ake amfani da su, Landan ta ce ta soke su kafin ta tafi, kotun Isra'ila ta ce ba a buga sokewar a jaridar gwamnatin Falasɗinu ba, don haka suna nan. Da sashe na 119 na dokokin ake rusa gidan dangin wanda aka zarga da kai hari, kuma an yi hakan a 'yan shekarun nan a unguwar Jabalul Mukabbir, a gangaren tudun da gidan Babban Kwamishina yake tsaye. Ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ne a cikin gidan yanzu.